Allon suna da bakin kanal

A watan Yunin 2023, cikin dare, katafila ta shiga shataletalen da ke ƙofar Gidan Gwamnatin Kano ta kwantar da ginin da ke tsakiyarsa. Gari na wayewa sai tarin kankare da rodi. Ginin bai tsufa ba. A 2017 aka yi shi, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, lokacin da jihar ta cika shekara hamsin, kuma wata mai zane 'yar Kano, Kaltume, ita ta tsara shi da ado irin na ginin gargajiya. Sabon gwamna, Abba Kabir Yusuf, bai cika wata guda a kan kujera ba, ana tsakiyar abin da mutanen gari suka sa wa suna rusau. Da farko aka ce ginin yana tare wa direbobi gani, kuma barazana ne ga tsaron gidan gwamnati. Daga baya wani babban jami'i ya ce in aka hango shi daga sama yana da siffar kuros. Da surutu ya yi yawa sai gwamnati ta ce za ta sake gina shi a wajen gadar Na'ibawa, wato bakin hanyarmu ta zuwa gida, mu mutanen Dawakin Kudu da Kura da Bunkure.

Na saurari muhawarar a rediyo da majalisun shayi na Kwanar Dawaki, na kuma lura da cewa yawancin masu kumfar baki, na wannan ɓangare da na wancan, ba su taɓa tsayawa sun dubi ginin ba yana tsaye. Sai da ya faɗi ya samu masu kallo. Ban san wani aikin mai zane da aka taɓa yin gardama a kansa a Kano kamar wannan ba, kuma ba don kyansa ko muninsa aka yi ta ba. An yi ta ne a kan wanda ya sa aka gina da wanda ya sa aka rushe.

Mu ba mu da al'adar kafa mutum-mutumin sarki a dandali. Addini ya hana, ido ma bai saba ba. Mai mulki a ƙasar Kano in yana son a tuna da shi, ganuwa yake ja, ko ya huda ƙofa, ko ya gina masallaci da kasuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Gijimasu ne ya fara ganuwar birni a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma littafin nan da ke lissafa abin da sarakuna suka gina, shi ne kuma ke lissafa abin da suka rushe, kuma da alfahari yake faɗa. Sarki Tsamiya ya fasa wurin bautar Tsumburbura. Ɗansa Yaji ya yi abin da ya fi wannan, kuma a ƙofar gidanmu ya yi shi.

Santolo tana nan cikin ƙasar Dawakin Kudu, dutse ne da ƙauye a gindinsa. Yaron da ya tashi a nan zai iya gama sakandare bai san cewa wurin nan ya taɓa zama birni mai ganuwa wanda ya hana sarakunan Dala barci ba. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa, kuma duk lokacin da na ambaci Santolo a aji sai ɗalibai su yi dariya, don su a wurinsu sunan ƙauyen su wane ne da ke zaune a bencin baya. Littafin ya ce a zamanin Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Sarki ya nemi su taya shi da addu'a a kan Santolo, domin ita ce cibiyar masu tsafi, in ta faɗi sauran garuruwa za su bi. Aka kewaye garin, aka ci shi, aka lalata abin bautarsu, aka kashe mazan. Masanin tarihi Murray Last ya rubuta a mujallar nazarin Kano a 1979 cewa Santolo da Fangwai wani tsarin garuruwa ne mai zaman kansa, kishiyar na Dala. Ke nan da yaƙin ya juya, da wataƙila yau daga nan ake naɗa hakimin Dala.

Abin da ke damuna a labarin shi ne duk abin da muka sani game da Santolo daga bakin wanda ya ci ta muka ji. Ba mu da waƙarsu, ba mu da kirarin sarkinsu daga bakin marokinsa, ba mu san abin da suke kiran kansu ba. Wanda ya yi nasara ya rubuta su a matsayin matsala da aka kawar. Shi ma gidan da ya yi nasarar ranarsa ta zo: Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya gudu ta Rano, aka cim masa a Burumburum wajen 1807, masu jihadi suka gaji gidan Rumfa suka zauna a ciki. Su ba su rushe ba, shiga suka yi. Wannan ma wata hanya ce ta shafe wanda ya gabata, kuma ta fi rusau daɗewa.

Zamanin gwamnoni bai canza halin ba, kayan aikin ne suka canza. Yanzu allo ne da fenti. Wanda ya bi ƙauyukanmu tsakanin 2011 da 2015 ya ga Kwankwasiyya rubuce da manyan baƙaƙe a kan rufin kwanon azuzuwa, yadda ko daga jirgin sama za a karanta. Da aka ɓata tsakanin jagoran Kwankwasiyya da magajinsa Ganduje, masu fenti suka samu wani aikin. Jami'ar Northwest ta koma ta Yusuf Maitama Sule a 2017, ta sake komawa Northwest a 2024. Ƙofar Na'isa, mai ɗaruruwan shekaru, an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye ta da ta siminti. Sai batun masarautu, wanda mutanen Bunkure suka fi kowa sanin ɗanɗanonsa. A 1981 Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, har da na Rano, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. A 2019 Ganduje ya kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, Kura da Bunkure suka faɗa ƙarƙashin Rano. A watan Mayun 2024 aka rushe dokar, suka dawo Kano. Bayan wata biyu aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, aka ba ta Bunkure da Kibiya, Kura ta tsaya a Kano. Dagacin Bunkure da bai motsa daga zaurensa ba, cikin shekara biyar an sauya masa alƙiblar gaisuwar salla sau uku. Masu kanti kuwa sun koyi kada su buga hoton sarki da ƙusa mai ƙarfi.

Duk wannan hayaniyar birni ce da ke isowa ƙauye a makare. Abin da mai mulki ya bari a ƙasarmu wanda ba a iya gogewa da fenti shi ne ruwa.

Audu Bako ɗan sanda ne, haifaffen barikin 'yan sanda na Kaduna, kuma shi Janar Gowon ya ba sabuwar Jihar Kano a 1967. Ya yi shekara takwas. A cikinsu ya tare ruwa a Bagauda, ya raɗa wa madatsar sunan sarkin Kano na farko (mutumin ya san darajar suna), aka fara gwajin noman rani a Kadawa. Sannan ya shiga babban aikin, madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974, bango mai tsawon kusan kilomita 6. Injiniyoyin Holan na kamfanin NEDECO suka zana tsarin rabon ruwan. A kashin farko an tsara shayar da kadada 22,000 a yankin da yau ya zama ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hikimar aikin ita ce ba a buƙatar inji. Tiga ta fi gonakin tudu, saboda haka ruwa da ƙafarsa yake gangarowa, ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rabu zuwa ƙanana, har ya iso bakin gonar mutum, ya sa bututu ya zuƙo. Ana cikin ginin ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa Arewa da Nijar, shanu suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa kudu. Wanda ya ga wannan farin ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin dam.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. A watan Yulin 1975 aka kifar da Gowon, Murtala Muhammed ya hau, aka sallami gwamnonin duka goma sha biyu, aka kafa kwamitin binciken dukiyarsu. Biyu kacal aka wanke, na Legas da na Jihar Yamma, kuma Audu Bako ba ya cikinsu. Ya koma gona, ya rasu a 1980. Ɗan Kano ne ya sauke shi, gwamnatin ɗan Kano ta tuhume shi. Yau kuma sakatariyar jiha sunansa take ɗauke da shi, haka gidan zu, haka kwalejin aikin gona ta Dambatta. Murtala, da aka kashe ran 13 ga Fabrairun 1976, yana kwance a harabar masallacinsa a Hausawa, tafiya kaɗan daga gidan zu ɗin mutumin da ya kora. Ba wanda ke ganin wani abin mamaki a nan. Hukuncin kwamitin ya bi iska, domin takarda ce a cikin fayil, ruwan Tiga kuwa kullum yana wucewa ta ƙofar mutane. Ka zauna da tsofaffin manoman Kura ka ambaci Audu Bako, kafin ka rufe baki wani ya ce Allah ya jiƙansa. Ba su karanta sunansa a allo ba. Sun ci alkama da rani, sun aurar da 'ya'ya da kuɗin tumatir, sun je Makka da shinkafa.

Ba duk abin da ya gina ne ya yi wannan sa'ar ba. Otal ɗin Rock Castle da ke kan dutse a Tiga ya daɗe yana lalacewa, na Bagauda kuma sai da aka mai da shi makarantar horar da lauyoyi ya samu mai share shi. Abin da talaka ke sa hannu a ciki kowace safiya shi ne ya rayu. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ta karɓi aikin daga hannun jiha, gwamnatoci sun zo sun wuce, an yi shekarun da kanal ya cika da yashi da ciyawa, an zo da kuɗin Bankin Duniya an yashe an gyara, kowa ya kafa allonsa a bakin hanya. Ba gwamnan da ya taɓa tunanin rushe kanal don wanda ya haƙa shi ɗan wata jam'iyya ne.

To amma da na tsaya a nan, da na yi wa kanal ɗin irin abin da littafin sarakuna ya yi wa Yaji. Shi ma ya ci gari.

Kafin ruwa ya bi gona da ƙafarsa sai an baje ƙasa, an daidaita ta, an yanka ta murabba'i-murabba'i. Katafila ta bi ta kan iyakokin da kakanni suka shata da gamba, ta tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, ta share burtali. Aka auna, aka cire rabon hanya da magudana, aka mayar wa kowa fili, sau da yawa ba inda nasa yake ba. Kawuna, wan mahaifiyata, da ya yi noma a wajen Kura tun kafin zuwan ruwa, har ya bar duniya bai iya kiran gonarsa da lambar da aka ba ta ba. Yakan ce gonar ɗorawa uku, ko ta bakin rijiyar Fulani, alhali ba ɗorawa ba rijiya, sai shinkafa iya ganinka. Mu yara muna ɗauka rikicin tsufa ne. Taswira ce yake karanta mana ta ƙasar da ba ta nan. Kuma ba sunaye kaɗai suka tafi ba. Ɗorawa ita ce kalwa, kalwa ita ce daddawa, daddawa kuwa jarin matan aure ne a cikin kulle. Bishiyar da mai awo ya gani a matsayin cikas, asusun wata ce.

Wata mai bincike, Tina Wallace, ta zauna a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ta rubuta abin da ta gani: diyyar itatuwa ba ta taka kara ta karya ba, noman alkama yana son taki da kuɗin ruwa da na tarakta, ƙaramin manomi da ba shi da su sai ya ba da gonarsa haya ko ya sayar wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni, ya dawo yana ƙwadago a cikinta. A can sama, dubban mutanen da tafkin Tiga ya cinye garuruwansu an tashe su, kufansu da kushewun iyayensu suna ƙarƙashin ruwa. A can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masunta da manoman fadama suka dogara da ita ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Mu da muke shan romon Tiga ba ma son jin wannan ɓangaren, amma Bahaɗeje ya san shi sarai.

Akwai kuma wani labari da na fi so a cikin duka. A 1977 wani kamfanin Turawa yana noman ɗanyen wake a Kadawa yana kaiwa kasuwannin Turai ta jirgin sama, matan ƙauyukan kewaye ne ke tsinkar masa. Matan nan suka ga ladan bai kai wahalar ba, suka haɗa baki suka ajiye aiki. Matan karkara, Hausawa, ba ƙungiya ba sakatare, a lokacin da ake cewa macen Arewa ba ta da baki. Wata mai bincike, Sam Jackson, ta buga labarin a wata mujallar Ingila a 1978, kuma har yau ɗaliban jami'o'in waje suna karanta shi. A Kadawa kuwa ba dutse, ba allo, ba aji ɗaya na firamare da aka sa wa sunan ɗaya daga cikinsu. Jikokinsu na nan suna tsinkar tumatir ana kaiwa kasuwar Kwanar Gafan, ko masana'antar Dangote da aka buɗe a 2016 in tana aiki. Mu dai mun yi sa'a ba a zubar da jini ba. A Bakolori ta ƙasar Sakkwato, a watan Afrilun 1980, manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu 'yan sandan kwantar da tarzoma aka tura musu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Dam ɗin na nan da sunansa, matattun ba su da ko jerin suna.

Ita kanta Kura, kafin a san ta da shinkafa, da shuni aka san ta. Rawanin nan mai baƙin ƙyalli da Buzaye ke rufe fuska da shi, wanda ke barin launinsa a fatar mai shi, ɗan Kura ake ce masa, kuma fatake sun kai shi Agadas da abin da ke bayanta. Saƙa siririya, a tsoma a baba sau da yawa, a kai wa masu bugu su yi ta dukansa da shuni har ya riƙa ɗaukar ido. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin ƙasar nan ne ke tufatar da rabin Sudan ta Yamma, kuma kaso mai yawa na aikin a garuruwa irin Kura ake yin sa, ba a cikin birni ba. Ba kanal ne ya kashe rini ba, yadin kanti da bulan Turawa sun riga sun karya shi. Amma da ruwa ya zo, ɗan marini ya ga kadada ɗaya ta tumatir ta fi shekara guda a bakin karofi, ya ajiye muciya. Ramukan da suka rage, wasu an cike su an yi gini, wasu sun zama juji. Baƙon da ke son ganin marina, Ƙofar Mata ake kai shi.

A irin wannan wurin ne masu fasahar zamani na wasu ƙasashe suka sa hannu, kuma wanda ya fi kusa da mu ɗan Tamale ne, a arewacin Gana, garin da Hausa ke ci a kasuwa da zango. Ibrahim Mahama, haifaffen 1987, da tsofaffin buhunan algarara ya yi suna. Buhunan daga Indiya da Bangaladash ake kawo su don koko, in sun gama wannan aikin su koma hannun masu masara, daga nan su ƙare a wurin masu gawayi, kowa ya rubuta sunansa ko alamarsa a jiki. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sababbi ya karɓi tsofaffin, ya tara mutane su ɗinke su, ya lulluɓe manyan gine-gine da su. Ya yi haka a babban baje kolin Benis na Italiya a 2015, ya rufe tsofaffin gidajen masu gadin ƙofar gari a Kasel ta Jamus a 2017. Ginin da aka yi don nuna ƙarfin hukuma sai ga shi sanye da rigar ɗan dako, da gumi da faci da sunayen mutanen da ba za a taɓa sa wa titi sunansu ba.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa bai kai wannan ƙyalli ba. Kwame Nkrumah ya gina manyan rumbunan kankare a sassan Gana don ajiyar amfanin gona. Da sojoji suka kifar da shi a watan Fabrairun 1966 aka watsar da su, aka kuma tumɓuke mutum-mutuminsa da ke gaban majalisa a Ankara, kan ya rabu da jikin. Yau gangar jikin tana tsaye a wurin tunawa da shi, kan yana gefe a kan nasa dandamalin, ba a haɗa su ba, kuma daidai ne da ba a haɗa ba. Mahama ya sayi ɗaya daga cikin rumbunan a Tamale, ya yashe shi, ya buɗe wa jama'a. Ya sayo tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ya ajiye a filinsa, yaran makaranta suna shiga suna karatu a ciki. Bai gyara rumbun ya koma sabo ba, kuma bai yi wa Nkrumah waƙa ba. Ya bar mutane su shiga cikin alkawarin da ba a cika ba su ga girmansa da idonsu. Ana sukar sa cewa kuɗin daga masu sayen zane na Turai yake fitowa, kuma gaskiya ne. Amma a Tamale ya zuba su.

A Angola ma, Kiluanji Kia Henda ya lura da dandamalan da aka sauke gumakan Turawan Fotugal daga kansu bayan 'yancin 1975, suka yi shekaru ba kowa a kai. Wajen 2011 ya riƙa gayyatar abokansa, mawaƙa da masu ɗinki, su hau su tsaya cikin shigar da suka ga dama, ya ɗauke su hoto, su sauko. Mutum-mutumi na awa ɗaya, wanda ba ya jiran wata gwamnati ta zo ta tumɓuke shi.

Bakano bai kamata buhu ya ba shi mamaki ba, don mun riga Mahama gina abin kallo da shi. Dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya kan ci buhu har 15,000, ita ce hoton Kano a idon duniya shekaru da dama, kuma 'yan dako ne suka gina ta da kawunansu, a rushe ta in jirgin ƙasa ya zo, a sake tayar da ita da kaka. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin fetur suka gama da ita. Da gwamnatin Buhari ta so nuna nasarar noman shinkafa a watan Janairun 2022, ba ta samu wata siffa ba sai wannan: ta jera dalar shinkafa a Abuja, aka yi hotuna, aka kwashe. Manomin Kura da ke biyan kuɗin taki ya kalla a waya ya ce to.

Me ya sa namu masu fasahar ba su taɓa wannan ba? Ba rashin gwaninta ba ne. Zariya na yaye masu zane tun shekarun 1950, kuma a Kano akwai hannaye masu kyau. Amma ka shiga inda ake sayar da zane, abin da za ka gani dawakin hawan daushe ne, da 'yar Fulani da ƙwaryar nono, da Ƙofar Nasarawa da rana na faɗuwa, don su otal da banki ke saya. Ita ma Kaltume aikin da aka ba ta ta yi, ta kuma yi shi da zuciya ɗaya, sai dai ginin da gwamnati ta biya kuɗinsa na gwamnati ne, ranar da ta sauya fuska ba a tambayar mai zane. Fasahar da ta fi ƙarfi a wurinmu waƙa ce, ita kuwa tun zamanin makaɗan fada a jingine take da ubangida. Mawaƙin siyasa na yau yakan gina mutum da baiti ya rushe shi da baiti in an sauya sheƙa, har ya zama rusau ɗin da ya fi na katafila sauri. Wanda ya kauce kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai, da aka kafa a 2001, wadda ikonta ya kai kan waƙa. An kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, ana tsakiyar rikicin masarautu, bisa zargin sakin waƙoƙin da ba a tace ba. Matashin da ya ga haka, in ya yi sha'awar lulluɓe wata ƙofar birni da buhunan shinkafa, sai ya fara neman izini a wurin masu katafilar.

Shi ya sa nake ganin in za a yi irin wannan aikin a ƙasar Kano, daga wajenmu zai fi sauƙin farawa. Ba ɗan sanda a gindin dutsen Santolo, ba mai gadin ramukan rinin Kura. Kayan aikin a zube suke: kwandunan tumatir da ake tulawa a Kwanar Gafan bayan kasuwa ta tashi, buhunan da sunan dillali ke kan sunan wani dillalin, allunan kwangila na bakin kanal waɗanda in damina ta wanke fentin sama sunan tsohon gwamna ke leƙowa. Akwai kuma mutanen. Wanda yake da shekara 15 lokacin da aka fara Tiga yanzu ya ba saba'in baya ko yana dab da ita, kuma da yawansu za su iya tsayawa a tsakiyar shinkafa su nuna maka inda kowace ɗorawa take da sunan mai ita. A kafa sanda a kowane gurbi, a rataya sunan, a bar su kaka ɗaya kafin a shiga huɗa. Izinin mai unguwa da na mai gona ya isa, kuma tsohon buhu ba ya tsada a kasuwar Kura.